Shekarar da Aka Kawo Mana Tablet

Na yi shekaru ina aiki a wata ƙaramar ƙungiya a Dogon Dutsi, a ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon katangar maƙwabta. Aikinmu shi ne taimakon mutanen karkara su samo wa ƴaƴansu takardar haihuwa. Yaro sai ya kai ajin ƙarshe a lakwal, wato makarantar firamare, jarrabawa ta matso, a ce ya kawo takarda, sannan a gano ba a taɓa rubuta shi ko'ina ba. Ma'aikatanmu kan bi ƙauyuka da rugage a kan moto, wato babur, daga wajen Dumega har Sukukutane, su rubuto sunan yaro da na iyayensa da shaidu a littafi. Idan sun dawo biro, ofishinmu ke nan, ni nake shigar da komai a kwamfuta, mu haɗa takardun kowane yaro a dosiye a kai inda ake sa hannu.

Shugaban ƙungiyar kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. A gidansa na girma bayan rasuwar mahaifina, shi ya kai ni makaranta, shi ya zaunar da ni a kan wannan kujera. Manhajar da muke aiki da ita kuwa ni na rubuta ta da kaina, kuma ina ji da ita. A saman fuskar kwamfutar akwai kalmomi shida a jere. Ka ɗora kibiyar suri, wato ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, a kan kalma ɗaya, sai jerin zaɓi ya sauko. Ka zame ƙasa ka tsaya a kan wani layi, wani jerin ya buɗe a gefe, daga shi kuma na uku. Wannan shi ake kira menu. Duk abin da ya taɓa zuwa mini a rai na cusa shi a ciki. Ni kaɗai nake amfani da shi, ko ido rufe ina iya bin sa.

Wata kaka sai masu furoje, wato shirin da ke tallafa mana da kuɗi, suka aiko da tablet guda takwas a cikin kwali. Suka ce daga yanzu ba littafi, kowane ma'aikaci zai rubuta yaro a nan take, a gaban iyayensa. A satin nan ne kuma wani abokin karatuna ya kira ni daga Yamai, ya ce kamfaninsu na neman mutum irina, kuma ya riga ya ambaci sunana.

Na sami kawu a zaure bayan la'asar na gaya masa maganar aikin Yamai.

"To, madalla," in ji shi. "Amma ka ga abin nan da aka kawo, babu wanda ya san kansa sai kai. Ka zuba musu aikinka a ciki, ya zauna daidai, sannan ka tafi da albarkata. Sati nawa zai ɗauke ka?"

Na ce sati biyu. Har raina haka na zata.

Abin da na yi da farko shi ne na ɗauki manhajar yadda take na matse ta cikin tablet. Ta shiga, ta buɗe, kalmomi shidan nan suna sama ƙanana kamar ƙwayar gero. Na ɗauki hotunan fuskar na aika wa Madam, jami'ar furojen da ke kula da mu. Ta ji daɗi ƙwarai. Da hotunan nan aka buga littafin koyarwa mai launi, aka tara ma'aikatanmu kwana biyu aka karanta musu shi, aka ci shinkafa, aka watse. Ba wanda ya taɓa tablet ɗin a wajen horon sai ni, kuma a zaune nake, cikin inuwa, da yatsun da ba su taɓa riƙe hauya ba tun ina yaro.

Kwana uku bayan haka waya ta fara. Wanda ya fi kira shi ne dattijon cikinmu, tsohon mushe ne, wato malamin makaranta, da ya yi ritaya daga koyarwa, kowa Baba yake ce masa. Manomi ne na gaske, tafin hannunsa kamar fatar ganga.

"Ɗana, wanga abu ya ƙi ni," ya ce. "Na taɓa inda littafi ya ce in taɓa. Ya sauko. In taɓa na biyu, ya ɓace gaba ɗai."

Nan na gane abin da ban yi tunani ba. Jeri na biyu ba ya buɗewa sai kibiya ta tsaya a kan layi ba a danna ba. A tablet kuwa babu kibiya. Yatsa ko ya taɓa ko bai taɓa ba. Na gyara, na sa taɓawa ɗaya ta buɗe shi. Sai wata ta ɓullo: layukan sun yi kusa da juna, kan yatsan Baba yana rufe uku a lokaci guda. "Gyara" da "Goge" maƙwabta ne. Rana ɗaya ya shafe ƴaƴan gida guda, su biyar, yana neman gyara harafi ɗaya a sunan uwarsu. Na ƙara wa layukan faɗi, sai jerin ya zarce ƙasan gilashi, rabinsa ba a gani.

Na rubuta wa Madam cewa menu ɗin nan ba na yatsa ba ne, ina so in sake shi daga tushe. Amsarta gajera ce: an riga an buga littafi, an yi horo, an kai rahoto sama da hotunan a ciki. Kada in taɓa tsarin. In gyara abin da ba ya canza kama.

Sati biyu suka zama shida. Abokina ya kira sau biyu, ina ce masa saura kaɗan. Kullum da safe in shiga ɗakin nan, in ƙara wa layi tsawon gashi ɗaya, in rage wa wani, in jira waya.

Wata ranar Laraba Baba ya shigo biro da kansa, ya ajiye tablet a gabana.

"Gobe ka hau bayana mu tafi tare. Ba zan iya gaya maka a waya ba. Sai ka gani."

Muka kama hanyar Sukukutane da sassafe. Bayan mun bar kwalta, yashi ne zalla, wani wuri sai na sauka na tura moto. Hantsi ya yi sosai kafin mu kai rugar. Bukkoki ne kamar bakwai a cikin gonar da aka girbe, shanu na cin kara. Mai rugar ya shimfiɗa mana tabarma a gindin wata ƴar aduwa da inuwarta ba ta kai ta rufe mutum biyu ba. Matarsa ta fito da ƴarsu, yarinya doguwa mai kamar shekara goma sha biyu. Ita ce ke ajin ƙarshe a lakwal ɗin ƙauyen da ke kusa, kuma mushensu ya ce in takarda ba ta zo ba kafin a rufe rajista, ba za ta zauna jarrabawa ba.

Baba ya kunna tablet. Hasken rana ya cinye fuskar, ba a ganin komai sai inuwar kansa. Ya ja babbar rigarsa ya lulluɓe kansa da ita kamar mai shaƙar turare, yana aiki a ciki. Ina jin sa yana dannawa, yana tsaki. Yatsansa ya bushe har gilashin ba ya jin sa, sai ya lasa ya sake. Ya yi ta fama har ya rubuta sunan yarinyar da na uban. Da ya zo ajiyewa, allon haruffa ya taso ya ture menu ɗin sama ya ɓace. Ya fito daga cikin rigar yana zufa, ya miƙo mini.

"Kai ka gina shi. Bismilla."

Na karɓa da ƙwarin gwiwa. Na kauda haruffan, na taɓa kalmar farko, jeri ya sauko, na taɓa, na biyu ya buɗe. Gumi ya ɗigo daga goshina ya faɗi a kan gilashin. Ban san me ya taɓu ba. Fuskar ta koma fari fat, duk abin da Baba ya rubuta ya tafi.

Mai rugar yana tsaye dogare da sandarsa tun ɗazu. Lokacin kai shanu rijiya ya yi.

"Malam," ya ce wa Baba, "in abin bai yarda da mu ba yau, mu dawo wata rana. Ba laifi."

Matar ta dafa kafaɗar ƴar, tana kallon hannuna. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Baba ya buɗe jakarsa ya zaro tsohon littafinsa da alƙalami. Cikin ɗan lokaci ya rubuta yarinyar da ƙannenta biyu, shaidu suka dangwala yatsa. Aka kawo mana nono a ƙwarya muka sha.

A hanyar dawowa muka tsaya ya huta a gindin wani gawo. Ya ce, "Ɗana, abu nawa ka zuba a cikin wanga menu?"

Na ce sun fi arba'in.

"Ni abu huɗu nike yi a daji. In rubuta sabon yaro. In nemo wanda na rubuta. In gyara. In ajiye. Sauran na wane ne?"

Na ce nawa ne, na biro.

"To ka bar su biro."

Kwana biyar na yi a kai, ban gaya wa kowa ba. Na cire kalmomi shidan nan duka. Na raba fuskar gida huɗu, kowane maɓalli ya kai faɗin yatsu uku, baƙin rubutu a kan fari don a gani cikin rana. "Ajiye" na kafa shi inda haruffa ba sa rufe shi. "Goge" na kai shi can ciki, kuma sai ya tambaye ka sau biyu. Baba ya gwada a tsakar gidan biro da tsakar rana, a tsaye. Ya rubuta yaro uku na ƙarya bai lasa yatsa ba sai sau ɗaya. Ya yi dariya har da buga cinya.

Kawu bai yi dariya ba. Da Madam ta zo ziyara a ƙarshen wata, shi ya ce in nuna mata, yana tsaye a bakin ƙofa. Ta gwada da kanta, ta daɗe tana juya shi. Sannan ta cire tabarau ta murza ido.

"Wannan ya fi, kowa ya gani ya sani," ta ce. "Amma ba ni na amince da wancan ba, na sama da ni ne, su ma akwai na sama da su. In masu bincike suka zo suka ga abin da ke hannun ma'aikata ba shi ne a littafi ba, za a ce an kauce wa tsari. Kuna iya rasa furojen. Ni ma ina iya rasa aikina."

Bayan ta tafi kawu ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce a bar duka biyun. In an kunna tablet, tsohon menu ya fito kamar yadda yake a littafi. A wata kusurwa in ɓoye wurin da in an danna an riƙe, maɓallan Baba su bayyana. Baƙi su ga nasu, ma'aikata su yi aiki da nasu.

Na yi. Daga ranar manhaja biyu nake riƙe da su a jiki ɗaya. Duk canjin da aka aiko daga sama, sai in yi shi sau biyu, in tabbatar ɗaya bai karya ɗaya ba. Ba a rubuce yake ko'ina ba, don ba a so a rubuta. Na gwada koya wa sakatariyarmu, ta yi kwana uku ta ce kanta na ciwo. Da na sake tayar da maganar Yamai, kawu ya ce, "In ka tafi yanzu, ranar da abin nan ya tsaya a gaban baƙi, wa zan kira?" Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma da faɗa ne, da na sami bakin amsawa.

Abokina ya kira ana gab da azumi. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce sun ɗauki wani. Na ce ba komai, na gode. Na fita na zauna a kan dakalin ƙofar biro ina kallon motocin da ke wucewa yamma, hanyar Yamai, har aka kira azahar.

Takardar yarinyar rugar ta fito kafin a rufe rajista, daga abin da Baba ya rubuta a littafi. Shi ya kai musu da kansa. Ya ce uwar ta naɗe ta a leda biyu ta sa a cikin ƙwaryar da take ajiye kayan adonta.

Da damina ta wuce, furojen ya shiga zango na biyu. Aka ƙaro mana tablet, aka ɗauki sabbin ma'aikata shida, aka aiko da sabon littafin koyarwa, ya fi na farko kauri da sheƙi. Na buɗe. Tsohon menu ne a ciki, shafi bayan shafi, tunda a can sama ba wanda ya san akwai wani. A rahotonsu ma an yaba da yadda ma'aikatanmu suka saba da shi da sauri.

Ni aka sa in jagoranci horon. Da safe na tsaya a gaban allo, Madam na zaune a baya tana rubutu, ina nuna wa sabbin nan yadda ake taɓa kalmar farko, jeri ya sauko, a taɓa na biyu, a taɓa na uku. Suna ta kwafa a takarda da himma. Baba na can gefe ya haɗe hannu a ciki, idonsa a rufe. Da la'asar motar Madam ta tashi. Kawu ya leƙa titi ya dawo ya gyaɗa mini kai. Na ce kowa ya rufe littafinsa, ya ɗora babban yatsa a kusurwar ƙasa ta hagu, ya danna, kada ya ɗaga sai na ce.