Hannuwan da gwaggo ta bincika

A Urafane, in yarinya ta ci jarrabawar bak ta ƙarshen sakandare ta wuce jami'a, kowa ya san abin da za ta zama: malamar lakkol, wato makarantar boko, ko ungozoma. Ni kuwa lantarki na je karantawa Maradi. Na gaya wa baba, ya gyaɗa kai, ashe bai saurara ba.

Gwaggo, yayar baba, ita ta fara shinshino wani abu a hutuna na farko. Ta kama hannuwana tana juyawa kamar mai sayen wake. Ga kanta ta fito a tafin hannu, ga tabon ƙuna a yatsa, babu ko ƙamshin magani. In wayata ta yi ƙara sai ta matso da tabarmarta, kuma kullum muryar namiji take ji, don 'yan ajinmu kusan duk maza ne.

Ran kasuwa ta shigo da surukar maƙwabta mai tsohon ciki, ta zaunar da ita gabana.

"Taɓa ki hwaɗa muna watan haihuwa, tunda kina jami'a."

Na ce ban iya ba, wayoyin wuta nake koyo. Gwaggo ta dubi baba ta ce, "Ka ji ko? Ɗiya mace da wayar wuta! Wagga ba karatu taka yi ba can. Ka bincika, ko ka riƙe ta gida."

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa. Baba ba ya musu da gwaggo, kalma ɗaya tasa ta isa ta raba ni da karatun.

Da hutu ya ƙare, sai baba ya sa babbar rigarsa ya biyo ni mota har Maradi. Ya tsaya a tagar ɗakin gwaji yana leƙe. Na ga idonsa na bin kawunan maza ɗaya bayan ɗaya, yana neman kallabi. Na haɗa wayoyina, ƙwan fitila ya kama.

A tasha, da zai koma gida, ya ce mini:

"Karatu ne, na gani. Zamna ki ƙare. Amma gida zan ce ungozoma kika koyo, ke ma haka za ki ce."

Na samu karatuna, na kuwa gama shi. Har baba ya rasu bai taɓa faɗin sunan aikina a gaban mutane ba, wannan yana ci mini rai har yau.