Idon Malam Nu'uman

Kullum da safe, kafin a ta da janareta, Malam Nu'uman yakan wanke hannu da sabulu, ya jira ya bushe sarai. Sannan ya zauna gaban sikana a wani shagon koyon kwamfuta da ke Nasarawa, nan Birnin Kebbi. Aikinsa ɗaukar hoton tsofaffin littattafan gyaran kwamfuta.

Da aka ba mu jiha, ofisoshi sun cika da kwamfutoci 'yan gwanjo, babu littattafansu. Mutum ɗaya ke da su, Tamba, mai gyara a Argungu. Danshin damina ya riga ya ci ɗinkinsu. Ka danne ɗaya da murfin na'ura, bayansa ya ɓalle, shafuka su zube.

Masu koyo a shagon sun ga ranar da mai wurin, Alhaji Sunusi, ya ajiye masa reza.

"Malam, yanke bayan mu wuce wurin. Rubutun ɗai muka so."

"Alhaji, littafin ga na aro na. Yadda ya zo, haka za ya koma."

"Kai dai! Kamar kai ka ɗunka shi."

Sai Malam ya cire murfin gaba ɗaya. Yakan kwantar da shafi ɗaya a kan gilashi, ya tallabe sauran littafin da hannun hagu, ya duƙa yana kallon ɗinkin har hasken na'urar ya ratsa ta fuskarsa. An ce ya rufa baƙin ƙyalle. Ya ce in ya rufa, ba zai ga lokacin da zaren ya fara ja ba. Haka shekara da shekaru.

Likita bai ce hasken ne ya taɓa masa ido ba. Mu dai mun ga idon yana hawaye, yana dushewa. Watan jiya Tamba ya shigo ya tsaya gabansa, Malam ya ce, "Wa ke nan?" Sai da Tamba ya faɗi sunansa.

Ƙarshen watan nan zai koma Zauro, wurin ƙannensa masu noman shinkafa. Ba wanda ya shirya masa taro.

Malam, kai ne mai mayar da amana da ɗinkinta. Masu gyara daga nan har Argungu da kwafinka suke ci, yawancinsu ba su san sunanka ba. Mun gode. Allah ya saka.

Masu riƙe kayan mutane, ku koya. Wanda kuma hanya ta bi da shi Zauro, ya tsaya ya gaishe shi. Ya faɗi sunansa tun daga ƙofa, kada ya bar shi yana laluben fuska.