Jirgin da Ya Tashi Daga Gonar Babana

Kafin in lalace ni mai gyaran waya ne a kasuwar Gaya. Mahaifina manomi ne a Toranke, mutum mai tsare mutuncinsa. Zan faɗa muku abin da ya faru daki-daki.

Da farko na tara tsofaffin kwamfutoci uku a ɗakina, na haɗa su da na'urar raba intanet. Wannan ba laifi ba ne. Na biyu, na koyi ɓoye suna da lamba, ina Gaya a ga kamar daga wata ƙasa nake magana. Nan girman kai ya shige ni. Na uku, na kamu da kallon bidiyon jiragen yaƙi marasa matuƙa, soja na zaune a ɗaki yana ganin kowa, ba mai ganinsa. Sai na sayi ƙarami mai kyamara, wai don ɗaukar biki.

Wani da ban taɓa ganin fuskarsa ba ya same ni a intanet. Ya ce, "Maigida, hoton rugagen bayan Ajingi kawai nake so, da hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa." Na san abin da ake yi da irin wannan hoto. Na ɗauki bidiyo da jirgin, na aika masa. Sati bai cika ba aka kore garken wani dattijo, aka sari ɗansa a hannu.

Da aka kama ɗaya daga cikin ɓarayin, aka ga bidiyona a wayarsa. Babu sunana, babu lambata. 'Yan sanda suka nuna wa mai unguwarmu na Toranke. Bai kula da shanun ba, farkon bidiyon ya tsura wa ido, inda jirgin ya tashi. Ya ce, "Dakata. Wannan ai gonar Malam Hadi ce. Duk Toranke shi kaɗai ke shuka gambar iyaka layi biyu."

Gonar babana ke nan. Na zaɓe ta ne don ba mai tambayata me nake yi a ciki.

Baba aka fara kamawa, a gaban jama'a, bayan la'asar. Kwana biyu yana tsare ina ɓoye a Gaya. A na uku na kai kaina. Da aka fito da shi ya dube ni ya ce, "Kai ne?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya juya ga ɗan sandan ya ce, "Yallaɓai, a ba ni takalmana." Ya sa su ya tafi.

Ina gidan yari ya rasu. Da na fito na tuba ga Allah, na je rugar na nemi gafara. Ɗan dattijon har yau hannunsa ba ya riƙe sanda.

Samari, idan wanda ba ku sani ba ya ce ku leƙa masa dukiyar wani, ku ƙi. Za ku iya ɓoye sunanku, amma gidanku ba ya ɓoyuwa, kuma can za a fara zuwa. Ƙanwata ta ce Baba ya yafe mini kafin ya cika. Ban ji daga bakinsa ba. Duk sanda na je gidanta sai na ce ta sake faɗa mini yadda ya ce.