Ranar da Isiyaku Ya Shiga Faɗan Fim

Ƙarfe huɗu saura kwata na yamma abin ya faru, a farfajiyar wani otal da ke birnin Lusail a ƙasar Larabawa, kuma har yau bai bar raina ba. Waɗanda ke wurin su ne ni, shugaban masu gadi na aikin rana, da Awudu mutumin Zangon Kumasi mai tsaron ƙofar motoci, sai ma'aikatan fim daga Japan tare da daraktansu. Korona ba ta gama tafiya ba a lokacin, gari kuma ana ta gine-ginen shirin gasar kofin duniya.

Bari in fara da fim ɗin. Na faɗa ne mai ban dariya. Jarumin wani tsoho ne ɗan tsito cikin kayan kuku, makaminsa ludayi da murfin tukunya, ƙarti uku suna neman dukansa. Shi darakta, duk da barkwanci yake shiryawa, ban taɓa jin dariyarsa ba. Yakan zauna gaban ƙaramin allo, a yi faɗan, ya girgiza kai, a sake. Namu aikin shi ne kada kowa ya tsallake igiyar da aka gitta.

Ranar an tafi da ɗaya daga cikin mutanena killacewa, kamfani ya turo madadinsa, Isiyaku mutumin Argungu, wanda ya yi kokawa a gida. Ƙa'ida ita ce sabon mutum ya fara zuwa wurina in yi masa bayani. Direban kamfanin kuwa ya sauke shi a ƙofar baya, ya ce masa yalla, wato maza, ya wuce abinsa. Ta can ba igiya, kyamarori kuma suna bayan tukwanen furanni. Abin da Isiyaku ya gani kawai shi ne ƙarti uku sun taru a kan dattijo.

Ya jefar da jakarsa, ya rungumi mafi girmansu, ya ɗaga shi ya kai ƙasa. Mutumin ya yi targaɗe a wuyan hannu. Aiki ya tsaya.

Manajan otal ya kira ni. "Khalas, magana ta ƙare. Ka rubuta rahoto, ba na son ganinsa."

Ga wanda bai san aikinmu ba: in aka kai ƙara cewa mai gadi ya taɓa baƙo, kamfani ba ya bincike mai tsawo. A janye shi, a soke izinin zamansa, a sa shi jirgi. Hanyar tsira ɗaya ce, wanda aka taɓa ya janye ƙarar kafin rahoto ya isa ofis a ƙarshen aikin rana.

Na sami Isiyaku zaune a ɗakin gadi.

"Oga, gida ke nan?"

"Ban ce ba tukuna. Me ya sa ba ka tambaya ba?"

"Uku a kan tsoho, Oga? Wa zan tambaya?"

Awudu ya leƙo. "Kai dai ka yi sa'a tsohon bai juyo ka da ludayi ba. Tun safe yake kwasar su da shi."

Na ce Awudu ya koma ƙofarsa. Daga nan na bi abin daki-daki. Na fara da manaja, ya ce ba ruwansa, maganar ta baƙi ce. Na je wurin tafintarsu, wata mata mai jin Turanci, ta ce darakta ba ya magana da kowa in yana duba aiki. Na ce zan jira. Na tsaya a bayan igiya inda zai gan ni, na ƙi zama. Ta dawo ta ce in tafi, za su neme ni. Na ce mata rahoton ba zai jira su neme ni ba.

Can ya ɗago hannu, aka shigar da ni. A allon nasa sai maimaita faɗuwar nan yake yi. Ta bakin tafinta ya tambaya, "Mutuminka da gaske ya ɗauka dukan tsohon suke yi?"

Na ce, "Da gaske, yallaɓai. A wurinmu ba a tsayawa kallon haka."

Ya kira ƙartin biyu da suka rage, ya nuna musu allon, ya yi magana gajera. Tafinta ta ce yana gaya musu yau ne karon farko da wani ya yarda faɗansu na gaske ne. Sannan ya juyo gare ni. Ya ce shi asarar hasken rana kawai ya yi, wanda ya ji ciwo shi ke da hakki, a je a ba shi haƙuri.

A hanya Isiyaku ya ja ni gefe. "Oga, na ga yadda suke sunkuya wa juna. Ni ba zan yi wa mutum ruku'u ba."

"Ba wanda ya sa ka. Yi yadda ake yi a gida."

Da muka isa, Isiyaku ya cire hularsa ya tsuguna a gaban mutumin da ya ji wa ciwo. Shi kuwa, da hannu a ɗaure, ya dubi tafinta, ya dube ni, ya rasa abin yi. Sai shi ma ya tsuguna. Ƙarti biyu tsugune suna kallon juna, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara tashi. Tsohon mai ludayi ne ya zo ya kama su ya ɗaga. Wanda ya ji ciwon ya ce ya janye ƙara, amma in hannunsa ya warke yana son a koya masa wannan kayen.

Manaja bai yarda Isiyaku ya zauna a otal ɗin ba. Kamfani ya mai da shi gadin wurin ajiye motoci a unguwar West Bay, can ya yi aikinsa har aka gama gasa. Ba a sa shi jirgi ba.

Abin da na koya shi ne, mutumin da muke ɗauka aiki yana zuwa da tarbiyyar gidansu, kaki ba ya cire ta. Wanda zai ruga ya ceci tsoho shi ake so a bakin ƙofa, amma sai an gaya masa abin da ke wurin. Don haka ina roƙon duk shugaban masu gadi da ya karanta wannan: ka je da ƙafarka ka tarbi sabon mutum a inda mota ta sauke shi, ka gaya masa da bakinka abin da zai gani, kafin ya ajiye jakarsa.