Ranar Da Na Wanke Safar Dogo

Shekara goma sha ɗaya ina wankin kaya a kulob ɗin ƙwallo, babu ɗan wasan da ban san warin guminsa ba. Amma yau maganar Dogo zan yi, mai tsaron ragarmu.

Dogo mutum ne mai salla. Kafin kowane wasa sai ya shigo ɗakin wankina, don nan ne kaɗai babu hayaniya, ya shimfiɗa tawul tsakanin injin wanki da kwandon riguna ya yi raka'a biyu. Na taɓa tambayarsa ko nasara yake roƙo. Ya ce, "Iya, ai abokan karawarmu ma roƙo suke. Ni dai in fito da ƙafafuna lafiya, kada kuma in karya ɗan wani."

Sai dai yana da wata safa baƙa, ɓulalliya a dunduniya. Da ita ya tare fenariti biyu a wasansa na farko a kulob ɗinmu, tun ranar bai yarda ruwa ya taɓa ta ba. Shekara shida! In ya buɗe jakarsa ko ƙuda sai ya canza hanya.

Bara kwantiraginsa ya zo ƙarshe. Ga shekara talatin da huɗu a kansa, ga 'ya'ya uku, ga sabon gola an kawo. Koci ya ce wasan Asabar ne zai nuna ko za a ci gaba da shi. Ana gobe wasan ya manta safar a kan benci. Na sa sanda na ɗauke ta na jefa a inji. Ba kuskure ba ne.

Da safe ya tarar da ita a kan igiya tana ƙamshin sabulu. Ya dafe kai.

"Iya, kin kashe ni!"

"Ni da na raba ka da gawa?"

"Sa'ata ce kika wanke!"

Na ce, "Kai Dogo, ji tsoron Allah. Kullum goshinka a ƙasa a ɗakin nan, ashe safa ce ke tsare maka raga? To yau ita ka shimfiɗa wa tawul."

Sai ya yi istigfari, ya tayar da salla. Da ya sallame ya miƙo hannu.

"Ba ni sabuwa."

A wasan an zura masa ƙwallo ɗaya, kada in yi muku ƙarya. Sauran kuwa duk ya tare, har da wadda ya ture da yatsa ana dab da tashi. Koci ya ƙara masa shekara guda, kuma shi ke horar da sabon golan.

Har yanzu a ɗakina yake sallarsa. Tsohuwar safar da ita nake goge inji, in ya gani sai ya yi dariya ya ce, "Iya, a hankali dai, ta yi mini hidima."