Magatakarda da Ɓarawon Waifai

Shekara talatin da biyu ya yi yana buga hatimi a ofis, shi ya sa har bayan ritaya unguwa ba ta daina kiransa Magatakarda ba. Ko aron tsintsiya ka zo sai ya tambayi dalili. Amma yana son a ce yana da kirki, kuma a faɗa a gabansa.

Da 'yarsa ta koma wani gari da aiki, sai ta sa aka ja masa intanet har falo don su riƙa gaisawa ta bidiyo. Kwana uku da haɗa na'urar ya rubuta lambar sirrin waifai a kwali, ya manna a ƙofar gida. Mai askin ƙasan bene ya shiga, tela ta shiga, har direban da ke haya a ɗakin baya. Shi kuwa ya kafa kujera a baranda yana karɓar godiya.

Ba a yi wata ba abu ya lalace. 'Yar za ta kira, ta ce "Baba", sai fuskarta ta daskare baki a buɗe. Ya kira surukinsa, wanda ya san kan kwamfuta.

"Baba, akwai mai amfani da manhajar raba fayil," in ji surukin. "Tana sauke finafinai, kuma tana aika su ga duk wanda ya nema a duniya. Ita ke shanye layin."

"Daga falona ake raba wa duniya fim? Wa ya sa hannu?"

Surukin ya nuna masa shafin da ke jero duk wayar da ta hau layin, da inda ake rage wa mutum gudu ko a toshe shi. A ranar, Magatakarda ya ji kamar an mayar da shi bakin aiki. Ya tsara fom, kowa ya cike: sunan waya, da abin da ake yi da ita. Ya fara toshe mai aski, don ya cika dariya shi kaɗai da waya a hannu. Ba a ga canji ba. Ya toshe direba. Tela kuwa ya rage mata gudu, har ta kan gama ɗinka hannun riga kafin hoton ɗinki ɗaya ya buɗe.

Ya tara su a ƙasan bene ya ce, "Duk mai wannan aiki ba shi da tarbiyya. Wanda ke zaune da shi ma abin tausayi ne."

Saura na'ura ɗaya da ba wanda ya ce tasa ce. Ranar Asabar da hantsi ya toshe ta. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga matarsa ta fito daga ɗaki, tabarau a kan hanci, rungume da tsohuwar kwamfutar da 'yar ta bari.

"Malam, wa ya tsayar min da kashi na ɗari da sha bakwai?"

Ashe tela ce ta sa mata manhajar, take bin wani fim mai dogon zango.

"Kin san duniya kike raba wa?"

"To sai me? Su ma ba sa son su ji ko matar likitan ta farfaɗo?"

Da yamma ya buɗe wa kowa layi, ya ce bincike ya kammala amma rahoton sirri ne. Surukin ya taƙaita abin da manhajar ke aikawa waje, matar kuma ta yarda ta riƙa dakatar da ita in 'yar ta kira.

Magatakarda ya ce zai zauna kusa da matarsa ya kalli kashi ɗaya tak, don ya tantance abin da ke shigowa gidansa. Yanzu sun wuce kashi na ɗari biyu. Makon jiya fim ya tsaya ana gab da karanta wasiyyar likitan, sai ya tashi da kansa ya ƙara wa kwamfutar gudu, ya zabge na mai aski.