Jakarmu ta riga mu isa Tawa

Shekarun baya, ranar da bas ɗinmu ta shigo Illela, abin da na fara lura da shi ƙarar leda ce. Tun kafin direba ya taka birki kowa ya shiga laluben aljihu da jaka, ana warware katin shaida daga ledar da aka naɗe shi. Wani tsoho da ke gabanmu har da roba ya ɗaure nasa. Mahaifiyata ma ta kwance bakin zaninta ta ciro nata. Na leƙa hannunta, na ga kati ɗaya ne. Na so in tambaye ta ina nawa, amma ni ba mai magana ba ce a cikin mutane, sai na mayar da idona ga taga.

Ina ajin farko na sakandare a lokacin. Tawa za mu, cikin Nijar, garin su mahaifiyata, don aure ne ya kawo ta Sakkwato. Kawuna ya bugo waya cewa jikin kakata ya tsananta, kuma tana ta nanata a kawo mata takwararta ta gan ta. Ni ce takwarar. Rabona da ita tun ina ƙarama, lokacin da ake tsallake iyakar da ni a cinya, ba mai ko kallona. Kowa ya san ba a neman biza tsakaninmu da Nijar, yara kuma bin iyayensu suke yi. Mahaifiyata ba ta taɓa kawowa a ranta za a nemi takardata ba.

Sai dai a shekarar na miƙe kamar rake. Don tafiyar aka yi mini ɗinki irin na manya, aka ba ni gyale maimakon hijabin makaranta, wai don tsohuwa ta ga na zama mutum. Ni kuma na ƙara da takalmi mai tudu. Tun daga gida nake jin kaina, ina tafiya ɗaiɗai kamar wadda ake jira a wani wuri.

A bakin iyaka aka ce kowa ya sauko. Muka yi layi zuwa wata rumfa, inda wata jami'a ke zaune a bayan tebur. Na lura an ɗaure bironta da zare a ƙafar teburin. Ta duba katin mahaifiyata ta miƙa mata, sannan ta nuna ni da haɓa.

"Wannan fa?"

"Ɗiyata ta," in ji mahaifiyata.

"Ina takardarta?"

"Takardar mi? Yarinya ta ƙarama, bara-bara ta gama firamare."

Jami'ar ta dube ni tun daga takalmi har gyale, ta dubi mahaifiyata. Ita fara ce gajeruwa, ni kuwa baƙa doguwa, mahaifina na ɗauko. Ta ce, "To, yaya sunanta?"

A nan abin ya lalace. Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyarta aka sa mini. Kunya biyu ke nan. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba, Ummi take ce mini, in ranta ya ɓaci kuma ta ce "ke". Sai ta sunkuyar da kai tana ɗan murmushi, ta ce, "Sunan tsohuwata gare ta."

"Hajiya, ni ban san tsohuwarki ba. Suna na tambaye ki."

Daga baya mahaifiyata ta faɗa, ƙasa-ƙasa, kamar mai haɗiyar magani mai ɗaci. Amma kafin nan jami'ar ta riga ta ajiye biro. Ta ja ni gefe tana yi mini tambayoyi, wace ce wannan matar a wurinki, a ina kuka haɗu, me ta ce za ta ba ki. Ni da ko a aji muryata ba ta kai benci na gaba. Na amsa duka, kuma gaskiya na faɗa, amma idona a ƙasa. Ko ni ce a kujerarta ba zan yarda da ni ba.

Tsohon nan mai katin roba ya matso. "Ranki ya daɗe, al'ada ta. Ɗan fari ba a faɗin sunanai, balle mai sunan uwa."

Ta ce, "Baba, na sani. Amma matar da muka tare kwanan baya ita ma 'ya'yanta ta ce, ashe Agadas za ta kai su, daga can a wuce da su Libiya. In na bar wannan ta wuce, gobe wata ta zo tana kuka ta ce ɗiyarta ce, me zan ce mata?" Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ta ce a kawo takardar haihuwata da ta amincewar mahaifina, a ranar za mu wuce. Aka kira mahaifina a waya, ya yi mata bayani, ta saurara har ya gama, ta ce murya ba shaida ba ce.

Direba ya fara danna oda. Wata fasinja ta ce wa mahaifiyata, "Ke ki wuce mana ki bar ta nan, ai ba cinye ta za a yi ba." Wata ta amsa mata, "In ɗiyarki ta, kina barin ta bakin boda?" Suka kaure da gardama a kanmu, mu muna tsaye. Direban ya zo da kansa, ya ce, "Hajiya, Allah shi ba ki haƙuri, mutane na jira. Jakarku na ƙarƙashin buhunan masara. In sauke ta ko in wuce da ita?" Ta ce ya wuce da ita, ƙaninta zai karɓa a tasha. Na tsaya ina kallon bas ɗin har ta ɓace. Wani ma ya riga ya zauna a kujerata ta taga.

Nan da nan 'yan kabu-kabu suka zagaye mu. "Hajiya, ta ƙauyen Araba muka bi, ta bayan boda, babu mai tambayar ki komai." Mahaifiyata ta sake kiran mahaifina. Ya ce sam, hanyar daji ba lafiya, mu je gidan ƙanwarsa a cikin gari, gobe da safe zai kawo takardun da kansa. Da muka isa, gwaggona ta ce ta bar ni a wurinta, ta nemi wata motar ta wuce. Mahaifiyata ta kira kawuna, ya ce jikin da sauƙi, har ta sha kunu. Sai ta ce, "To bari mu tafi tare gobe. Yarinyar taka son gani, in je mata hannu rabbana?"

Washegari hantsi ya ɗaga, mahaifina na hanya, wayarta ta yi ƙara. Tana cikin gyara mini hijabin da aka aro mini na 'yar gwaggo. Ta ɗauka, ta ce innalillahi, ta zauna a kan turmin da ke kife a tsakar gida. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta dai riƙe bakin hijabin bai bar hannunta ba.

Mun wuce a ranar. Jami'ar jiya muka tarar. Ta duba takardun, ta yi mini murmushi, ta ce, "Kin ga an gama, Allah ya kiyaye hanya. A gaishe da mai jiki." Mahaifiyata ta ce, "Za ta ji."

Ko da muka isa an riga an kai kakata makwancinta. A ɗakinta na ga jakarmu a buɗe. Matar kawuna ta ce da aka kawo jakar da yamma, tsohuwa ta sa aka buɗe, ta ce a nuna mata kayan takwararta. Aka ciro wata doguwar rigata ruwan toka. Ta sa aka shimfiɗa ta a gefenta a kan gado, ta riƙa auna ta da taƙi daga wuya zuwa ƙasa. Wai ta yi dariya, ta ce, "Ashe ta fi uwarta tsawo."

Mahaifiyata ba ta taɓa ɗora wa kowa laifi ba, ta ce kwana ne ya ƙare. Ni ma na daɗe ina neman wanda zan ji haushi ban samu ba. Jami'ar 'ya'yan mutane take tsarewa, mahaifiyata kuma kunyar da aka rene ta da ita ta yi. Yanzu ina da katina, na kuma bi hanyar ba sau ɗaya ba. Amma har yau in mota ta doshi Illela ba na iya cin komai sai mun wuce Konni, a tsallaken iyaka.

A duk tafiyar nan sau ɗaya na buɗe baki ba tare da an tambaye ni ba. Ranar da za mu dawo, mahaifiyata na haɗa kaya, ta ɗauko rigar daga kan gadon za ta ninke. Na ce, "Inna, don Allah ki bar mata ita a nan."